Yadda ake nemo galaksin Andromeda da ido da darbil in an fita kashta

Assalamu alaikum 'yan uwa. Da zarar zafi ya fara sauka wajen watan Oktoba, mutanenmu na Makka da Jidda da Madina sai a fara fita kashta, a shimfiɗa darduma a bayan gari, a ɗora shayi da gahawa a yi ta hira har tsakar dare. Toh a daidai wannan lokacin ne galaksin Andromeda ke hawowa saman kanmu, kuma ita ce abu mafi nisa da yawancin mutane ke iya gani da ƙwayar idonsu ba tare da wata na'ura ba. Na daɗe ina nuna wa mutane ita, yara da manya, kuma abin da na lura shi ne masu kasa ganinta ba rashin kayan aiki ke hana su ba, gaggawa ce da kuma tsammanin zasu ga irin hoton nan mai launi da ake yaɗawa a intanet.

Kafin mu shiga aiki ga ɗan abin da ya kamata ka sani. Galaksi, ko majarra yadda Larabawa ke cewa, tarin taurari ne masu ɗimbin yawa da ƙura da iskar gas da suke juyawa a kan cibiya ɗaya. Ranarmu tana cikin guda, wato farin zaren nan da ke ratsa sama a daren duhu wanda a nan ake kira Darbut Tabbana, kuma duk wani tauraro da kake gani ɗaiɗai a sama ɗan gidanmu ne. Ita Andromeda wata ce daban can waje, nisanta kusan shekarun haske miliyan 2.5, shekarar haske ɗaya kuwa ta kai kilomita tiriliyan 9.46, kaga hasken da zai shigo idonka a daren ya baro can tun shekara miliyan biyu da rabi da suka wuce. Ana ƙiyasta taurarinta sun kai wajen tiriliyan ɗaya. Siffarta ta murɗe ce, cibiya mai haske a tsakiya da hannuwa da suka nannaɗe ta, amma mu ba ta fuska muke kallonta ba, ta karkace mana kamar faifai da aka jingina aka kalle shi ta gefe, shi ya sa take fitowa doguwa ba zagayayya ba. A manhajar waya da taswirar taurari sunanta M31, saboda Bafaranshe Charles Messier ya sa ta lamba 31 a jerinsa a 1764, a Larabci kuma Al-Mar'atul Musalsala.

KAYAN AIKI

Na farko duhu, shi ne jarin, in babu shi sauran duk a banza.

Sai darbil, wato madubin hangen nesa na ido biyu. Nemi wanda aka rubuta 7x50 ko 10x50 a jikinsa, lambar farko ita ce yawan ninkin da yake kusanto da abu, ta biyu faɗin gilashin gaba a milimita, kuma ta biyun ce tafi muhimmanci don ita ke tattaro haske. In 8x40 gare ka a gida shi ma zai yi. Dan Allah ka guji masu zum ɗin nan da ake rubuta musu manyan lambobi irin su 180 ana sayarwa da arha a haraj, wato kasuwar gwanjo, filin da suke nunawa ƙunci gare shi kuma hoton rawa yake yi a hannu, baza ka ma samu inda ka nufa ba.

Darduma ko tabarma da matashi, ko kujerar kashta mai kwantawa baya. Tocila da ka rufe bakinta da jar leda ninki biyu ko uku ka ɗaure da roba. Waya mai manhajar taurari kamar Stellarium ko SkySafari, ka sauke ta tun a gida don wani wurin ba sabis. Farwa ko rigar sanyi mai kauri, takalmi rufaffe saboda kunama, ruwa isasshe, ikamarka wato katin zama, ɗan littafi da fensir.

Teleskof ba dole ba ne, kuma ni shawarata kada ka fara da sayen sa. Zan yi maganarsa a gaba ga wanda yake da shi.

MATAKI NA 1: Zaɓen dare

Daga Satumba zuwa Janairu ne lokacinta. A farkon Oktoba tana kaiwa ƙololuwar sama wajen ƙarfe 12 na dare, a tsakiyar Nuwamba wajen ƙarfe 9, a tsakiyar Disamba kuwa ana idar da isha'i tana can sama. A Makka da Jidda takan hau har digiri 70 daga ƙasa, a Madina ta ɗan ɗara haka, wato mu nan Allah ya bamu wuri mai kyau na kallonta.

Abu na biyu wata. A nan mun ci sa'a tunda kwanan watan hijira a bakin kowa yake. Daga 20 ga wata zuwa ƙarshensa wata baya fitowa sai dare ya yi nisa, daga 1 zuwa 4 kuma yana faɗuwa da wuri, waɗannan su ne dararenka. Daga 8 zuwa 17 kada ka wahalar da kanka, farin wata zai wanke sama tas, iyaka ka ga cibiyarta a dishe. Sannan ka duba sama tun da la'asar, in shuɗiya ce sosai har zuwa bakin duwatsu toh daren zai yi kyau, in tayi fari-fari da ƙura ka ɗage tafiyar. Dare ɗaya ko biyu bayan an yi ruwa shi ne mafi tsabta.

MATAKI NA 2: Zaɓen wuri

Nan ne mutane da yawa suke yin kuskure, su fita gari amma su tsaya a inda hasken garin ke daidai gabansu. Andromeda tana fitowa ta arewa maso gabas ta bi ta arewacin tsakiyar sama, saboda haka kana son gari ya kasance a bayanka, ta kudu ko ta yamma. Mutanen Madina su ɗauki hanyar arewa ta wajen Khaibar. Mutanen Jidda su wuce Usfan su nausa wajen Khulais, don kusa da teku laima na riƙe hasken gari ta watsa shi ko'ina. Mutanen Makka duwatsun Ɗa'if sun fi, sama ta fi tsabta a can saboda tudu, sai dai akwai sanyi kuma wani lokacin hazo na rufe Hada da Shafa. Gwajin wuri mai sauƙi ne, in ka iya ganin Darbut Tabbana toh wurin ya yi.

Wanda bashi da halin fita, ko uwar gida da ke son nuna wa yara, a hau saman bene a kashe fitilun gida a zauna a inuwar katanga ko tankin ruwa inda fitilar titi bata bugun ido kai tsaye, a jira sai ta hau sama sosai. Da ido kam da wuya a cikin gari, amma darbil zai nuna cibiyarta.

Gargaɗi, kuma wannan da gaske nake. Kada ka sauka a cikin wadi, wato kwarin da ruwa ke bi, lokacin kallon nan shi ne lokacin ruwa a Hijaz, ana iya yin ruwan a kan duwatsu can nesa ambaliya ta iske ka sama garau. Kada ka shiga yashi mai laushi da ƙaramar mota, kada ka tafi kai kaɗai, ka kula da raƙuma a hanya in zaka dawo, kuma ka nisanci wurin da aka kewaye ko aka kafa allon hana shiga. Tocilar leza mai koren haske kuma ka bar ta a gida, jiragen sama sun yi yawa a sararin Jidda da Madina.

MATAKI NA 3: Shirya ido da darbil

In da hali ka isa kafin magariba ka ga ƙasar da zaka shimfiɗa a kai. Bayan isha'i a kashe komai, fitilar mota ta ciki da ta waje, wutar shayi a yi ta can nesa a bayan mota. Ido yana buƙatar minti 20 zuwa 30 kafin ya saba da duhu sosai, kuma kallon fuskar waya sau ɗaya zai rushe wannan sabon, sai an sake jira. Shi ya sa muka ce jar tocila, jan haske baya ɓata ido kamar fari. Manhajar ma tana da yanayin dare mai ja, kunna shi ka rage hasken wayar har ƙasa. In mota ta taho ka rufe ido har ta wuce. Ka gaya wa abokan tafiya tun farko don kada wani ya ɗauko waya zai yi bidiyo.

Kana jira sai ka saita darbil. Nufi wani tauraro mai haske, rufe idon dama ka juya dabaran tsakiya har tauraron ya zama ɗigo ƙarami, sannan rufe na hagu ka juya zoben da ke jikin bakin idon dama har shi ma ya zama ɗigo. Buɗe ko matse hannayen darbil ɗin har da'ira biyu su haɗe su zama ɗaya. In saitin bai yi daidai ba kowane tauraro zai zama dishi-dishi, ka rasa gane wanne ne galaksin.

MATAKI NA 4: Gano alamomi

Awon sama da hannu ake yi. Miƙe hannunka sosai, faɗin dunƙulen hannu digiri 10 ne, yatsu uku a haɗe kusan digiri 5.

Fara da gano arewa. A Madina abin da sauƙi, alƙibla kudu take, juya mata baya ka fuskanci arewa. A Jidda alƙibla gabas take, in ka fuskance ta arewa na hannun hagunka. Tauraron arewa yana sama da ƙasa da dunƙule biyu da ɗan ɗoriya, kuma ba wani mai haske sosai ba ne, kada ka neme shi cikin manya.

Daga damansa ko samansa zaka ga taurari biyar masu siffar harafin W, wani lokacin a kife kamar M, su ne Kasiyofiya, Zatul Kursi a Larabci. Sai ka ɗaga kai wajen gabas ko tsakiyar sama ka nemi manyan taurari huɗu da suka yi murabba'i, kowane gefe kusan dunƙule ɗaya da rabi, cikinsa kusan wayam. Wannan shi ne murabba'in Fegasus, Al-Farasul A'azam. Da farkon dare a karkace yake, tsaye a kan kusurwa ɗaya, kuma ya fi yadda mutane ke zato girma, shi ya sa wasu suke kallonsa basa gane shi.

MATAKI NA 5: Bin taurari har zuwa gare ta

A cikin huɗun nan, wanda yafi kusa da W ɗin sunansa Alferaz. Daga shi akwai layin taurari da ya miƙa zuwa arewa maso gabas. Na farko matsakaici ne, na biyu mai haske ne mai ɗan ja-ja, sunansa Mirak, tsakaninsa da Alferaz dunƙule ɗaya da rabi. Tsaya a Mirak ɗin ka yi kwana zuwa ɓangaren W. Kusan yatsu uku zaka tarar da wani tauraro mai rauni, ka ƙara irin wannan tazarar a kan layin zaka ga wani da ya fi shi rauni, toh dab da shi galaksin take.

Wata hanyar, in hasken gari ya cinye ƙananan taurarin, ita ce ta W. Tana da tsini biyu, ɗaya ya fi zurfi da kaifi kuma a bakinsa akwai tauraro mai haske, Shedar. Tsinin nan yana nuni zuwa wajen Andromeda, dunƙule ɗaya da rabi daga nan. Ni nafi son haɗa hanyoyin biyu, inda suka gamu nan take.

Kada ka dogara da ɗaga waya kana bin kibiyar manhaja, kamfas ɗin waya yakan kauce musamman kusa da mota. Duba taswirar, haddace siffar, ajiye wayar.

MATAKI NA 6: Kallo da ido

Abin da zaka gani ɗan gajimare ne fari-fari mai tsawo wanda baya motsi kamar gajimaren gaske. Haka malamin taurari Abdurrahman As-Sufi ya siffanta ta a littafinsa Suwarul Kawakib a shekarar 964, kuma nasa ne rubutu mafi daɗewa da aka sani a kanta, ƙarni shida da rabi kafin a ƙera teleskof. Idonka irin nasa ne.

Dabarar ita ce kada ka zuba mata ido kai tsaye. Tsakiyar ido na rana ne da launi, gefen ido shi ke kama haske mai rauni. Kalli ɗan gefe kaɗan, kamar tazarar dunƙule ɗaya, hankalinka kuma yana kanta, sai kaga ta bayyana ta ƙara tsawo, da ka dawo da ido kanta sai ta dishe. Da farko abin zai maka wani iri amma da sannu ake sabawa. Dalilin da yasa baka ganin launi ma ke nan, gefen ido baya rarrabe launi. Mai tabarau ya bar shi a idonsa.

MATAKI NA 7: Kallo da darbil

Kwanta a bayanka, matashi a wuya, gwiwar hannu a manne da ƙirji. In a tsaye kake jingina da mota. Kafa ido a wurin tukuna sannan ka ɗago darbil ɗin zuwa idonka ba tare da ka motsa kai ba, wannan ya fi ka sa darbil ka shiga lalube. In ta ɓace maka koma Mirak ka sake bin layin.

Nan nake so ka daɗe. Mutane sukan leƙa daƙiƙa biyar su ce sun gani su miƙa wa na kusa, alhali basu ga komai ba sai cibiya. Zauna da ita minti goma. Cibiyar ce zata fara fitowa, mai haske, sannan a hankali haske mai rauni ya miƙe ta ɓangarori biyu, kana amfani da gefen ido yana ƙara tsawo. A wuri mai duhu sosai tsawonta ya kai digiri 3, wato in ka jera cikakken wata shida. Ɗan girgiza darbil ɗin kaɗan, ido yafi kama abu mai rauni in yana motsi. Lura da gefe ɗaya da hasken ya yanke da sauri fiye da ɗayan, wannan ƙurar da ke cikin hannun galaksin ce ta tare hasken taurarin bayanta.

Cikin ƙananan galaksin da ke zagaya ta akwai biyu da zaka iya nema. M32 na manne da ita ta kudu, kamar tauraron da bai saitu ba. M110 na ɗaya gefen da ɗan tazara, ta fi faɗi amma ta fi rauni, sai wuri ya yi duhu na gaske. Zana abin da ka gani a littafinka, da kwanan wata da wuri da ƙarfe nawa. Ko baka iya zane ba ka yi, zanen ne ke tilasta ido ya lura, kuma in ka dawo wata mai zuwa zaka ga ka fi ganin abubuwa.

MATAKI NA 8: Ga mai teleskof

Sa gilashin ido mafi ƙarancin ninki, wato mai babbar lamba, milimita 25 ko 32. Lissafin ninki shi ne ka raba tsawon fokas na teleskof da lambar gilashin, 1200 a raba da 25 ya bada 48. Ko a haka ma galaksin ta fi filin girma, sai ka riƙa tura teleskof ɗin a hankali daga wannan ƙarshe zuwa wancan. In ka sa ninki 200 cibiya kawai zaka gani ta cika fili. Daidaita ƙaramin madubin nema tun da rana a kan wani dutse mai nisa, kuma kada ka kuskura ka nufi rana da shi. Mai madubi inci 8 a wuri mai duhu yana nuna layin ƙura ɗaya, wani lokaci biyu, ta ɓangaren M110.

Taurarinta ɗaiɗai kuwa kada ka sa rai. Sai a 1923 Edwin Hubble ya gano wani tauraro mai ƙaruwa da raguwar haske a cikinta, da teleskof mai inci 100 na dutsen Wilson a Amurka kuma ta hanyar hoto, da shi ya auna nisanta ya tabbatar ba a cikin galaksinmu take ba. Kafin nan masana gardama suke ta yi a kai. Awon haskenta kuma ya nuna tana matsowa wajen galaksinmu da gudun kusan kilomita 110 a daƙiƙa.

MATAKI NA 9: Hoto

Ka bar wannan sai ƙarshe don hasken allo zai kashe maka ido. Waya sai an kafa ta a kan ƙafa uku, in babu a jingina ta da jaka ko dutse, a sa yanayin dare ko na hannu, daƙiƙa 10 zuwa 20, a sa mai ƙidaya don kada taɓawa ta girgiza ta, kuma ban da zum. Zata fito ƙarama amma a fili. Mai kyamara da gilashi milimita 50 ya buɗe shi zuwa 2 ko 2.8, ISO 1600 ko 3200, daƙiƙa 6 zuwa 8, ya saita fokas da hannu a kan tauraro mai haske. In ka wuce haka taurari zasu ja layi saboda juyawar duniya. Ɗauki kamar hamsin ko ɗari a jere, kana ɗan gyara saiti in ta matsa gefe, a gida ka haɗe su da Siril ko DeepSkyStacker, duka kyauta ne. A nan ne hannuwan da launin zasu fito, rawaya a cibiya inda tsofaffin taurari suke, shuɗi-shuɗi a gefe inda sababbi suke.

MATAKI NA 10: Ta gaba

In Andromeda ta zama maka ba wuya, koma Mirak ka bi layin nan ta ɗaya ɓangaren, nesa da W, irin tazarar da ke tsakanin Mirak da Andromeda. A nan M33 take, ita ma mai murɗe ce, ta ɗan fi nisa kuma ta fi ƙanƙanta, ita kusan ta fuska muke kallonta shi ya sa haskenta ya baje ya yi rauni ƙwarai. Bata da cibiya mai haske da zata taimake ka, saboda haka a cikin gari ko a daren ƙura baza ka same ta ba. Neme ta da darbil ba da teleskof ba, a daren 27 ko 28 ga wata, bayan ta hau sama sosai kuma idonka ya yi aƙalla rabin awa a duhu.